Tsakanin Tasha da Tasha

Litinin, 3 ga wata, 7:20 na safe

Likita ya ce in riƙa rubuta lokacin da Baba yake yin “abin nan”, da daɗewar da yake yi, da abin da ya aikata. Ya ba ni takarda mai gida uku, ya ce in kawo ta ran ashirin ga wata. Kafin mu iso gida takardar ta ɓace, don haka na ɗauko ɗaya daga cikin littattafan da nake shirya lacca.

To, ga na yau. Ya fara 6:25, ya daina 6:50. Ya ɗauki 'yar rediyonsa, ya murɗa ta ya bar tasha, ya tsayar da ita inda babu kowa, sai shuuu da ƙas-ƙas. Ya fito korido yana jingina kafaɗa da bango, yana jan ƙafar dama, rediyon a hannun hagu. Ya kara ta a bango, ya juya ta a hankali, ya matsa gaba, ya sake karawa. Na ce, “Baba, me ake nema?” Ya ce, “Shi ke nan.”

Ba amsa ba ce. Tun ranar Asabar ɗin nan da ɓarin jikinsa ya shanye, wata biyu ke nan, iyakar abin da ya rage masa na magana ke nan. In yana jin yunwa, shi ke nan. In an taka masa ƙafa, shi ke nan. Mun gwada ba shi biro, hannun hagu ya zana wani abu kamar tsutsa ya tsaya. Mutumin da ya yi shekara talatin da uku yana injiniya a gidan rediyo, yana tura muryar wasu har inda mota ba ta zuwa.

Zan makara.

Litinin, 6:40 na yamma

5:10 zuwa 5:35. Korido, rediyo, bango.

Yaya ya zo ya tarar da ƙarshen abin. Ya ja ni kicin ya ce, “Farfesa, kin gani da idonki ko?” Ni ba farfesa ba ce, ya sani, shi ya sa yake faɗa. Wai ya samo gado a gidan jinyar da ke bayan gari, mai ma'aikata dare da rana, da furanni a bakin ƙofa. In likita ya duba abin da na rubuta ya ce kan ma ya taɓu, sai mu biyu mu sa hannu a kai Baba can. Na ce Baba yana cikin gidan da ya gina, kowace waya da ke jikin bangon nan shi ya ja ta da hannunsa. Ya ce, “Wayar ce za ta ɗaga shi in ya faɗi kina aji?”

Abin haushin shi ne tambayar tana da ma'ana.

Kafin ya tafi sai da ya leƙa banɗaki ya gai da hitarsa. Shi ya sa aka saka ta a makon da aka sallamo Baba daga asibiti, don Gwaggo ta huta da ɗaukar tukunyar ruwan zafi. Kyauta ce mai kyau. Na san haka domin ya gaya mini sau tara.

Talata, 4 ga wata, 2:15 na rana, ofis

'Yan aji uku, su sittin da huɗu, fanka ɗaya.

Darasin makon nan shi ne wanda na fi so a duk kwas ɗin, shi ya sa na fi jin zafi in an lalata mini shi. Cajin lantarki in yana zaune wuri ɗaya, ba ya aika komai ko'ina. In yana tafiya a miƙe da gudu ɗaya, ba ƙari ba ragi, nan ma shiru. Sai ya ƙara gudu, ko ya taka birki, ko ya karya kwana, sannan yake sakin igiyar lantarki da maganaɗisu, ta fita da gudun haske, ba ta kuma dawowa. In ka ninka fizgar, wato sauyin gudun nan, sau biyu, abin da ke fita ya ninku sau huɗu. Eriyar gidan rediyo ba komai ba ce illa dogon ƙarfe da ake kora caji sama da ƙasa a cikinsa. Wannan ba a jami'a na fara jin sa ba, ina 'yar shekara tara na ji shi, a gindin eriyar, ina riƙe da kwanon abincin Baba.

Na gama, na juyo daga allo, alli har a gira. Hannu ɗaya a sama. Na ji daɗi.

“Malama, zai fito a jarrabawa?”

Laraba, 5 ga wata, 6:00 na yamma

6:20 zuwa 6:45. 5:05 zuwa 5:30. Kamar jiya, kamar shekaranjiya.

Alhamis, 6 ga wata, 7:30 na safe

Gwaggo ƙanwar Baba ce. Ta zo ta yi mana kwana uku, wata biyu da suka wuce. Ba don ita ba da tuni na bar aiki, kuma saboda ita wata rana zan bar gidan.

Tana da bayani biyu game da rediyon. Na farko, akwai masu yi masa magana a cikin shuuu ɗin, irin waɗanda ba a ambata. Na biyu, matar Yaya ta turo mata saƙo a waya cewa dogon ƙarfen kamfanin waya da ke bayan layinmu shi ke dafa wa mutane ƙwaƙwalwa. Na zaunar da ita na yi mata bayani minti ashirin, har da zane a bayan kalanda. Na ce mata hasken da ke shigowa ta tagar nan danginsu ɗaya, kuma ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ta ce, “To 'yar nan, ku ne masu ilimi.” Na fito wanka na tarar ta lulluɓe akwatin intanet da tawul.

Yau 6:20 ya fara. Sabon abu: ya kai har ƙofar banɗaki ya kashe makunnin hita da gwiwar hannu. Gwaggo ta kunna. Ya kashe. Ta kunna, ta tsaya ta tare makunnin da bayanta. “Injiniya, tun muna yara Inna ke bin ka da soso. Yau sai ka yi wankan nan ko sama za ta faɗo.” Ya ce shi ke nan, shi ke nan, shi ke nan, har jijiyar wuyansa ta tashi.

Na rubuta: yana ƙin wanka.

Asabar, 8 ga wata, 11:00 na safe

Gidan yana warin kifi. Ba mu dafa kifi ba. Gwaggo ta ce ɓera ne ya mutu, na ce ɓera ba ya mutuwa da safe ya farfaɗo da rana. Mun janye kujeru, mun zazzage kicin, mun leƙa ƙarƙashin gadaje. Kabad ɗin ɗakin Baba kaɗai muka bari, don ko ƙatti huɗu sai sun yi nishi. A ƙarshe aka ɗora wa maƙwabta, su da ba sa nan su kare kansu.

Yaya ya turo saƙon murya na minti bakwai. Minti shida gaisuwa da tarihin wahalar da ya sha wajen samo gadon. Minti na bakwai: ba za su riƙe mana shi har abada ba.

Takardun gwaji sittin da huɗu a gabana. Mutum goma sha ɗaya sun rubuta kuskure iri ɗaya, har da inda mai asalin ya goge.

Lahadi, 9 ga wata, 7:00 na yamma

5:15. Ba yau ba.

Litinin, 10 ga wata, 1:00 na rana, ofis

Ɗinki huɗu a saman girar Baba. An ce ƙashi lafiya.

Tunda don likita nake rubutawa: jiya da yamma ya ja jiki har lungun kicin inda babban makunnin gidan yake, ya ɗaga sanda ya saƙalo shi ya ja ƙasa. Wuta ta ɗauke a gidan gaba ɗaya. Sandar da ya ɗaga ita ce yake dogarawa, saboda haka sauran lissafin ba sai an yi digiri ba. Gwaggo tana banɗaki tana tara masa ruwa. Ni ina ɗakina. Na rufe ƙofa, na toshe kunne da abin sauraro, domin ƙas-ƙas ɗin nan yana shiga mini har cikin haƙori, ga maki ina bayarwa. Fanka na ga ta tsaya, har na yi tsaki na zagi kamfanin wuta. Ban san minti nawa ya yi a ƙasa ba.

Yaya bai ce komai ba a asibiti. Da ma ya ce. Yau da safe ya zo da kwaɗo ya rufe akwatin makunnin, ya jefa makullin a aljihu.

Talata, 11 ga wata, 7:10 na safe

Na ɗauke rediyon. Tana cikin jakata.

Ya laluba gefen filo, ya laluba aljihu, ya dube ni. Na ce, “Baba, an kai ta gyara.” Ni na ce wa Baba an kai rediyo gyara. Mutumin da layi guda ke kawo wa rediyo.

Ya ce, “Shi ke nan.” Wannan karon a hankali.

Laraba, 12 ga wata, 3:00 na rana

Yau mun zo inda tsohon lissafin yake jin kunya. In ƙwayar lantarki tana zagaya cibiyar zarra kamar yadda ake zanawa a littafin sakandare, to kullum cikin karya kwana take. Mai karya kwana kuwa dole ya saki igiya, mai sakin igiya dole ƙarfinsa ya ragu. Sai da'irar ta yi ta tsukewa, har ta faɗa cibiya, cikin lokacin da ƙiftawar ido ta zama shekara a gabansa. Bisa wannan lissafin, bai kamata a ce akwai tebur, ko alli, ko su kansu ba.

Wata a layin gaba ta ce, “To Malama, me ya sa ba mu rushe ba?”

Na ce sai zango na biyu, kuma ba ni ke koyar da shi ba.

Daga nan kantin magani, daga nan gida, daga nan ofis na manta takardu, daga nan gida. Ban rubuta wannan don ya zama misali ba. Hanyar ce haka.

Alhamis, 13 ga wata, 6:30 na yamma

Gida shiru. Na gama maki. Babu abin rubuta wa likita, sai dai yanzu da safe da yamma yakan sa Gwaggo ta ajiye masa kujera a korido, ya zauna ya kafa tafin hannu a bango, daidai bayan kabad ɗin ɗakinsa, kamar mai jin zazzaɓin yaro. Shayi rabin kofi. Burodi bai taɓa ba.

Yaya a waya: “Kin gani? Da ma rediyon ce ke tayar masa. Amma mutum ya zauna yana shafa bango, Farfesa, ke ma kin san ba lafiya ba.”

Warin kifin ya dawo.

Juma'a, 14 ga wata, 5:45 na yamma

Mun je mun ga wurin. Gaskiya akwai furannin. Na roba ne, amma ana goge su.

Tsaf-tsaf yake, ba zan yi musu ƙarya ba. Gado mai ƙarfe a gefe, ƙararrawa a kan kowane gado, ma'aikaciya mai fara'a da ke kiran kowane tsoho “Babana” don kada ta wahalar da kanta da sunaye. Talabijin ɗaya a falo, tsofaffi tara a gabanta, ana nuna yadda ake rage ƙiba. Na tambaya ko ana barin mutum da rediyonsa. Ta ce ba sa so, saboda masu barci.

A mota Yaya ya ce, “Ba jefar da shi za mu yi ba.” Na ce ban ce ba. Ya ce, “Fuskarki ta ce.” Na ce to ya yi magana da ita. Da muka kusa gida ya wuce kwanar layinmu bai ma lura ba. Na fi son sa in yana ba ni haushi, ya fi sauƙi.

Asabar, 15 ga wata, 10:00 na safe

A da “Uwata” yake ce mini. Kwana huɗu ke nan ko kallona ba ya yi.

Lahadi, 16 ga wata, 4:00 na yamma

Na gaya wa Yaya zan sa hannu.

Litinin, 17 ga wata, 12:30 na rana, ofis

Gobe ya kamata in nuna wa ɗalibai abin a zahiri, su ga igiya ta tsallaka ɗaki ba waya. Kayan gwajin suna sito. Mai riƙon sito ya tafi hutu da makullin a aljihu. Shugaban sashe ya ce in rubuto takarda. Na tambaye shi ko takardar tana buɗe ƙofa. Ya ce in rubuto dai.

Duk inda na juya, wani namiji ya tafi da makulli.

Talata, 18 ga wata, 1:40 na rana, cikin mota, ban tayar ba tukuna

Sai na rubuta wannan kafin in tuƙa.

Tunda babu kaya, na ɗauko laitar kunna gas daga kicin, irin mai ƙyastawa da tartsatsi. Rediyo kuwa da ma akwai ɗaya a jakata, mako guda tana bina aiki. Na ɗora ta a tebur, na sa ta a matsakaicin zango, na kauce daga tasha har sai da ta koma shuuu. Na koma ƙarshen allo na ƙyasta laitar. Rediyon ta ce ƙas. Na sake, ƙas. Ajin ya yi tsit, har na baya suka ajiye waya.

Na ce musu tartsatsi caji ne da ya yi tsalle ya tsaya farat ɗaya, ba fizgar da ta fi wannan, shi ya sa yake watsa igiya a kowane zango lokaci guda. Sai na ji bakina ya ce, “Kowane tartsatsi gidan rediyo ne marar lasisi.” Suka yi dariya. Ba maganata ba ce, ta Baba ce.

Wadda ke layin gaba ta ce, in ba ka ga mai ƙyastawar ba, ta yaya za ka san inda yake? Na ce da sauƙi. Eriyar da ke cikin irin wannan rediyon 'yar sanda ce a kwance, tana da gefen da ta fi ji. Na ba wani laitar ya koma bayan aji. Na ɗauki rediyon na fara juya ta a hankali, ina matsawa, ina sake juyawa.

Sai na ga hannuna.

Ban san daɗewar da na yi a tsaye ba. Na tuna wata tsohuwar motar ofis, ni a baya, Baba a gaba da rediyo a cinya. In masu sauraro suka kawo ƙara cewa wani abu na shiga musu tasha, shi ake turawa. Layi-layi yake bi, a tsakanin tasha da tasha, yana juya ta, har ya tsaya a gindin falwaya mai sakakkiyar waya ko ƙofar mai walda. Aikinsa ke nan shekara da shekaru. Na sani. Ina cikin motar.

“Malama, lafiya?”

Na ce a tashi. Saura minti arba'in. Ba wanda ya yi ƙorafi.

Yanzu na buɗe littafin nan daga farko. 6:25, 5:10, 6:20, 5:05, 6:20, 5:15. Wane irin taɓin kai ne yake zuwa a kan lokaci, alhali ko malaman sashenmu ba sa zuwa? Me ake yi a gidanmu ƙarfe shida da kwata na safe da biyar na yamma? Gwaggo na kunna hita. Da hannuna na rubuta ya kashe ta sau biyu. Da hannuna na rubuta ya kashe wutar gidan. Da hannuna na rubuta “yana ƙin wanka”. Har warin na rubuta, sau biyu, ni da na san warin da robar waya take yi in ta yi zafi.

In ɗalibi ne ya kawo mini waɗannan alƙaluman bai ga komai ba, da jan biro zan zagaye shi.

Talata, 6:10 na yamma

Na tarar da shi a kujerar korido. Na durƙusa na ɗora masa rediyon a cinya. Na ce masa wani abu, ba na likita ba ne, ba zan rubuta ba.

Bai dube ni ba. Ya murɗa ta da babban yatsa. Shuuu.

Na ce, “Gwaggo, kunna hita.”

“Yanzu kuma ke ce? Abin ya zama na gado?”

“Kunna dai, don Allah.”

Ta kunna. Kafin a ƙirga goma rediyon ta fara, ƙas-ƙas-ƙarrr, kamar ana soya tsakuwa. “Kashe.” Shuuu. “Kunna.” Ƙarrr. Sau huɗu muka yi, don ni malamar kimiyya ce, kuma don ina jin kunyar juyowa. Baba ya ɗaga rediyon ya kara a bango, ya ja ta dama, ƙarar ta ragu, ya dawo hagu, ta cika koridon. Ya ajiye, ya kamo hannuna ya manna a wurin.

Bangon da ɗumi.

Gwaggo ta ce, “Su ne ko?” Na ce, “Waya ce, Gwaggo. Wuta take ci a cikin bango, a bayan kabad ɗin ɗakinsa.” Ta yi salati ta zauna a ƙasa. Can ta ce, “To yau da me zai yi wanka?”

Na liƙe makunnin hitar da salatif. Baba ya sha shayi kofi biyu.

Laraba, 19 ga wata, 2:00 na rana

Ban je aiki ba. Shugaban sashe ya rubuto takarda in yana so.

Na kira mai gyaran wutar da Baba ya koya wa aiki tun ina firamare. Yanzu shi ma furfura ta cika masa kai. Ya shigo ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa. “Maigida, ina ciwon yake?” Da Baba yake, ba da ni ba. Wata biyu ke nan ban ji wanda ya yi wa Baba tambayar da yake jiran amsarta ba. Baba ya nuna da rediyo. Mutumin ya ce, “An gama.”

Sai da muka jira Yaya, tunda makullin babban makunni yana aljihunsa. Ya iso da maganarsa a shirye, na ga alama tun a mota ya haddace ta. Na ce ya kama kabad tukuna. Su biyu da maƙwabcinmu, wanda muka ɗora wa kifi, suka janye shi.

Bayan kabad ɗin ya yi baƙi, faɗin faranti. Katakon ya fara zama gawayi. Mai gyara ya buɗe tsohon soket ɗin da ke wurin ya zaro abin da ke ciki da filaya. Wanda ya saka hitar bai ja mata wayarta daga akwati ba. Nan ya zo ya ɗana, ya murɗa siririyar waya a kan ta Baba da yatsa, ya naɗe da salatif, ya tura ciki, aka mayar da kabad. Salatif ɗin ya narke, haɗin ya saki, duk lokacin da hita ta ja wuta sai ta riƙa tsalle a tsakani.

Ya ɗaga wa Baba ya gani. “Maigida, dubi aikin 'yan zamani. Wanda ya yi wannan, ko igiyar shanya ba zan ba shi ya ɗaura mini ba.” Baba ya yi wani sauti. Ina jin dariya ce. Rabin bakin ne kawai, amma ita ce.

Yaya ya ce, “Da zai kai yaushe?”

“Ranka ya daɗe, ni dai ba zan kwana a ɗakin nan ba ko an haɗa ni da Allah.”

Yaya ya daɗe yana kallon baƙin. Ya ce, “Ai ce masa na yi ya sa mai kyau.” Na shirya maganganu uku masu kyau tun jiya, ban yi amfani da ko ɗaya ba, domin rediyon a jakata ta yi mako.

A kicin ya ce, “Wannan fa bai dawo masa da magana ba. Gobe ma zai iya faɗuwa kina aji.” Na ce haka ne. Ya ce, “To?” Na ce ba zan sa hannu ba. Ranakun da nake da aji biyu ne, Talata da Laraba, shi kuma ofishin nasa ne, ba mai korar sa in ya zo ya zauna da Baba. Ya ce zai duba. Na ce ya duba da kyau, yana da ido yanzu.

Da zai tafi ya miƙo mini makullin. Na ce ba gidana ba ne. Ya koma korido wurin Baba. Ban bi shi ba. Ya daɗe.

Alhamis, 20 ga wata, 1:15 na rana

Takardar likita ta fito. Tana ƙarƙashin kujerar mota, na gan ta ina gyara wa Baba wurin ƙafa. Na cike ta a ɗakin jira. Gidan lokaci da na daɗewa na kwafa daga nan. Gida na uku, abin da ya aikata, kalma ɗaya na sa tun daga sama har ƙasa.

Likita ya gai da Baba da ƙarfi kamar yadda ya saba, wai shi a dole kurma yake wa magana. Ya duba takardar, ya ɗago. “Aiki? Aiki kamar yaya?”

Yaya ne ya zaro guntun wayar daga aljihu, a naɗe a hankici, ya ajiye masa a tebur. Shi ya yi bayanin ma. Ya yi kuskure biyu, na ƙyale shi.

Likita ya ce za a ƙara ranakun gashin ƙashi da koyon magana. Maganar gado ba ta taso ba.

Juma'a, 21 ga wata, 7:15 na safe

Ba wanda ya ce in ci gaba da rubutawa, amma 6:25, minti biyu. Gwaggo ta kunna hita a kan sabuwar wayarta. Ya bar tasha, ya saurara. Shuuu, ba komai. Ya koma tasha, ana labarai, Gwaggo ta ce a rage.

Na ɗauka an gama. Ina ɗaura ɗankwali na ji ƙirrr a ƙofar ɗakina. Yana tsaye, kafaɗa a bango, rediyon na nuna cajar wayata, wadda na saya a bakin titi. Na ce, “Baba, wannan ba tartsatsi ba ne, arha ce kawai.” Ya miƙo mini rediyon in nemo da kaina. Na karɓa na fara juyawa.

Ya girgiza kai, ya kamo wuyan hannuna ya gyara. Wai ba haka ake riƙewa ba.

Digiri uku gare ni. Kuma na makara.